Faifan da Ya Ƙi Rabuwa

Yammacin bai bambanta da sauran ba. Iskar teku ta shigo unguwar Bakus da danshinta mai cin ƙarfe da gwiwar tsofaffi, Usta Midhat kuma ya hau benen nan mai hawa biyar yana tsayawa a kowane hawa yana mayar da numfashi. Shekara talatin ke nan yana gyaran kwamfutocin mutanen Iskandariyya a wani ɗan shago da ko tabarma biyu ba za ta shimfiɗu ba, shi ya sa ake ce masa Usta, wato gwanin sana'a. Idonsa ya gaji, bayansa ya gaji, kuma tun rasuwar matarsa Awatif, shekara shida da suka wuce, wata gajiyar ta daban ta sami wurin zama a ƙirjinsa ta ƙi tashi.

Su uku ne a gidan. Da shi, da 'yarsa Rihab mai shekara goma sha tara da ke karatun aikin jinya, sai yayarsa Ni'imat, wadda ta zo zaman makoki na kwana arba'in ta zarce har yau, ba wanda ya ce mata ta tafi, ba kuma wanda ya ce mata ta zauna.

Suna cin shinkafa da miyar lalo Rihab ta ajiye cokali.

"Baba, jiya na yi ta ƙoƙarin tuna muryar Mama, na kasa. Fuskar tana nan. Muryar ce babu."

Ya ci gaba da tauna. Ya san inda maganar ta dosa. Awatif ba ta son a ɗauke ta hoto, ko waya aka ɗaga sai ta kare fuska da mayafi. Abin da ya rage na muryarta 'yan hotuna ne masu motsi, ba su fi bakwai ba, kuma duk suna cikin tsohuwar kwamfutarta a ɗakin ɗinki. Ɗakin a kulle yake tun ranar da aka fita da ita.

"Kuma ina bukatar kwamfuta don karatu," in ji Rihab a hankali. "Ga ta can tana zaune."

Ni'imat ta taɓe baki. "Ka gyara ta mai kifi, ka gyara ta mai wanzanci, ta uwar 'yarka ce ta gagare ka? Tashi, Midhat, mabuɗin na cikin gwangwanin maɓallai."

Tsohon da ya koya masa sana'a ya bar masa dokoki biyu, kuma Midhat bai taɓa karya su ba a shago. Ta farko, duk abin da ya wuce kwana arba'in a rufe, ɗaki ne ko akwati ko na'ura, kafin ka buɗe sai ka ce dastur, wato ka nemi izinin waɗanda ba a gani, ko wani ya tare a ciki. Ta biyu, kada ka taɓa yanka faifan ajiya sai ka kwafe abin da ke cikinsa zuwa wani. A ranar ya karya duka biyun, kuma ba taurin kai ba ne. Da ya murɗa mabuɗi ƙamshin turarenta ya buge shi, sai kalmar ta ɓace masa. Faifan da zai kwafe a ciki kuwa yana shago, hawa biyar a ƙasa da tafiyar tiram, jirgin ƙasan cikin gari, shi kuma ƙafarsa ta riga ta mutu. Ya ce a ransa ai aikin minti goma ne.

Kwamfutar ta ƙi tashi, kamar yadda ya zata. Ya kwance ta, ya zaro faifan, ɗan akwatin ƙarfe da bai fi tafin hannu ba, ya haɗa shi da tasa kwamfutar a kan teburin cin abinci. Niyyarsa ya raba shi gida biyu: gida ɗaya ya bar kayan Awatif yadda suke, ɗayan ya zuba wa Rihab sabon tsari. Ya ja layin rabon a tsakiya, ya danna. Ɗan koren layi ya fara tafiya a allo, ya kai arba'in da ɗaya cikin ɗari, ya tsaya.

Sai faifan ya fara ƙara. Ƙas. Ƙas. Ƙas. Ya yi shiru, ya sake. Allo ya nuna cewa an kasa karantawa, an kasa rubutawa, rabo bai yiwu ba. A daidai lokacin ladanin masallacin ƙasan layi ya ɗaga murya da kiran magariba.

Rihab ta sunkuya ta kara kunnenta a jikin ƙarfen. Ta daɗe a haka.

"Baba, kamar numfashi."

"Allurar cikin faifan ce ke dukan gefe. Ɗaga kanki."

Wani abu ya faɗo daga sama ya buga a cikin farantin miya. Ni'imat ta sa cokali ta ciro shi. Ɗaya ce daga ƙananan kusoshin da Midhat ya kwance, waɗanda ya ƙirga da hannunsa ya rufe a cikin kofin shayi. Suka dubi rufin ɗaki, babu komai sai farin fenti.

Mutumin da ya yi shekara talatin yana gyara ba ya gudu zuwa wurin malami don kusa ta faɗi. Washegari Midhat ya dawo da jakar kayan aiki, ya bi matakan da ya sani ɗaya bayan ɗaya. Ya sauya waya, ko ita ce ta tsufa. Ya sauya ramin da ake sokawa. Ya ba faifan wuta tasa ta daban, ko ƙarfin ne bai ishe shi ba. Ya tayar da kwamfutar daga filashi don kada wani abu ya riƙe faifan yana aiki. Duk a banza, arba'in da ɗaya, sai ƙas, ƙas, ƙas. Da ya duba lafiyar faifan, allo ya cika da ƙananan korayen gidaje, sai wani curi na jajaye a wuri guda, a tsakiya, daidai inda ya ja layinsa. Ya yi abin da ya kamata ya yi tun farko, ya fara kwafa. Takardun ɗinki suka fito, hotunan riguna suka fito, har lissafin awon matan unguwa. Da aka iso kan hotuna bakwai ɗin nan masu motsi, kwafa ta tsaya cak. Suna ƙarƙashin jajayen.

Kowace rana aiki kan kai shi magariba, kuma kowace magariba gidan yakan sauya. Tsakuwa ta fara dukan tagogin katako, a hawa na biyar, inda hannun mutum ba ya kaiwa daga titi. Ba jifan fushi ba ne, ɗaya ce bayan ɗaya, da tazara. A rana ta uku keken ɗinkin Awatif ya juya sau biyu shi kaɗai. Ni'imat ta watsa gishiri a kusurwoyi, ta kunna turare har maƙwabta suka yi tari, ta daina yi wa ƙanenta tsiya. Wannan shirun nata ya fi tsakuwar tsorata shi.

Rihab ta daina zuwa makaranta. Ta daina cin abinci sai an tura mata. Da rana ta karkata sai ta shiga ɗakin ɗinki ta zauna a ƙasa, ta jingina da bango, tana buga harshe a dasashi: ƙas, ƙas, ƙas, ta yi shiru, ta sake. Likitan da suka kai ta wurinsa ya duba ido, ya duba jini, ya ce gajiyar jarrabawa ce, a bar ta ta huta. Midhat ya karɓi maganar da hannu biyu, domin ita ce mai sauƙin ɗauka.

A rana ta biyar dabara ta ƙare masa, ya koma ga wadda masu gyara ke yi ba sa faɗa wa mai kaya. Ya naɗe faifan a leda biyu ya sa shi a gidan ƙanƙara na firji, ko sanyi zai sa ƙarfen ya tsuke ya saki allurar na ɗan lokaci. Ya zauna a baranda yana jira, yana kallon tiram na wucewa. Bai yi rabin awa ba ya ji ihun Ni'imat.

Rihab na kwance a ƙasa a dunƙule. Watan Yuni ne, zufa na zuba daga goshin kowa, ita kuwa haƙoranta na haɗuwa, leɓɓanta sun yi shuɗi, yatsunta sun ƙame. Ni'imat ta lafta mata barguna biyu ba abin da ya ragu. Midhat ya tsaya a bakin ƙofa yana kallo, sai wani abu ya faɗo masa a rai. Ya ruga kicin, ya fizgo ledar daga cikin ƙanƙara, ya cusa faifan a ƙarƙashin rigarsa a jikin fatar cikinsa. Kafin ƙarfen ya ɗumama, rawar jikin 'yarsa ta lafa.

Ya zame ya zauna a ƙasan kicin. Tsoro ya ji, da kunya, da wata irin kasala da bai taɓa ji ba.

"Abla," ya ce wa yayarsa, "kira wanda za ki kira."

Shaihu Abdulwanis tsohon malamin makaranta ne da ya yi ritaya, siriri, mai farin gemu da tabarau mai kauri. Ba ya zuwa da ganga, ba ya neman zakara, ba ya karɓar komai sai shayi. Ya iso washegari bayan la'asar, ya daɗe a kan kujera yana tausa gwiwa kafin ya iya magana.

"Hawa biyar, Usta. Duk aljanin da ya hawo nan ba ƙaramin dalili ne ya kawo shi ba." Ya kurɓi shayi. "Ka ce dastur da ka buɗe ɗakin?"

"Ban ce ba, Maulana."

"Da ka buɗe na'urar fa?"

Midhat ya sunkuyar da kai. Tsohon bai yi masa faɗa ba, ya dai girgiza kai irin na malamin da ɗalibinsa mafi ƙoƙari ya faɗi a tambaya mafi sauƙi.

Suka shiga ɗakin ɗinki. Shaihu ya sa aka ajiye faifan a kan keken, da kofin ruwa a bakin ƙofa. Ni'imat ta zauna a bayan Rihab ta riƙe kafaɗunta. Ya fara karanta ayoyin tsari da murya ƙasa-ƙasa, ba gaggawa, kamar mai bitar darasi. Rana na sauka, hasken tagar na yin ja, tsakuwa ta fara. Ya ci gaba. Ƙas-ƙas ɗin bakin yarinyar ya yi sauri, ya yi sauri, sai ya yanke. Kanta ya ɗago a hankali. Muryar da ta fito ta tsohuwa ce tukuf, busasshiya, ba tsawa a cikinta ko kaɗan.

"Ya isa, malam. Ina ji. Ba kurma ba ce ni."

"Wace ce ke?"

"Sunana ba zai ƙare ka da komai ba. Baƙuwa ce da ta gaji."

"Me ya kawo ki jikin 'yar mutane?"

"Tambayi ubanta." Idanun Rihab suka juyo kan Midhat, amma ba kallonta ba ne. "Ina zaune a kangon wani gidan Girkawa a bakin ruwa, aka rushe aka yi bene hawa goma sha huɗu. Na koma wata tsohuwar masaƙa, aka mayar da ita wurin ajiye motoci. Garin nan ba ku bar kango ko ɗaya ba. Na sami ɗakin nan a rufe, na sami ɗan akwatin can, ciki duhu, ciki shiru, ga wani gefe da ya fara lalacewa. Na ce to, nan zan ƙarasa. Shekara shida ban taɓa ko cokalinku ba. Ranar nan ba sallama ba komai, sai wuƙa ta tsakiyar shimfiɗata. Na fito a gigice, kunnen yarinyar na samu a bakin ƙofa."

"An yi miki ba daidai ba," in ji Shaihu. "Amma yarinyar ba ita ta yi ba. Jikin ɗan Adam ba kango ba ne. Ki fita."

"In fita in je ina? Kullum yana kunna shi yana juya ni. Jiya har ƙanƙara ya sa ni."

Midhat ya matso. Abin da ya fito daga bakinsa maganar mai gyara ce, don ita kaɗai ya sani.

"Akwai yadda muke yi. Idan wuri ya lalace a faifai, mukan zagaye shi, mu bar shi ba a raba ba, ba mai shiga. In bar miki wurin. Ki dai bari in kwashe abu bakwai da ke ƙarƙashinki."

Tsohuwar ta yi wata gajeriyar dariya. "Su ne shimfiɗar ai. Su nake ji shekara shida. Matar nan tana da daɗin zama. In ka ja su, abin zai tarwatse da ni da su, kai ma ka sani. Amma ga wani ciniki. Ka bar ni inda nake. Yarinyar za ta ci, za ta sha, ba zan wahalar da ita ba. Kowace magariba in ba ka abin da kake nema."

Shaihu ya ɗaga hannu zai yi magana, bai kai ba. Bakin Rihab ya buɗe, murya ta sauya, ta yi laushi, da ɗan dusashewar nan ta mai yawan riƙe allura a leɓe.

"Midhat, don Allah sauke wannan abin daga fuskata. Ka zo abinci na hucewa. Rihab, kira babanki, ba ya ji."

Ni'imat ta saki ƙara ta toshe baki. Midhat ya san ranar. Ranar Sallah ce, a barandar nan, yana riƙe da waya tana kare fuska tana dariya. Ya durƙusa. Shekara shida yana hawa benen nan ba wanda ke kiran sunansa haka. Ba za a ɓoye ba, ya so. Ya so ƙwarai, har ya fara lissafi a ransa, magariba ɗaya a rana, minti biyar kawai, wa zai cutu.

"Usta," in ji Shaihu, ba tare da ya ɗaga murya ba. "Wannan ba matarka ba ce. Matarka na wurin Ubangijinta. Ni karatu zan iya yi har gobe, amma ba na fitar da baƙon da mai gida ke riƙe wa riga. Dubi wadda ke gabanka."

Ya duba. Ya ga wuyan 'yarsa ya rame a kwana shida, ya ga leɓɓanta sun tsage, ya ga yatsunta na rawa a kan cinyarta kamar suna neman abin kamawa. Muryar uwar na fita, amma hawaye na bin kumatun, kuma hawayen ba na tsohuwar ba ne.

Ya miƙe ya ɗauko faifan daga kan keken. Ya riƙe shi da hannu biyu.

"Dastur," ya ce. "Na makara, amma dastur. Ɗauki gidanki duka, da abin da ke ciki. Ba zan ƙara kunna shi ba har in mutu. Ki ba ni 'yata."

Tsakuwa ta tsaya.

"Ba teku ba," in ji tsohuwar a ƙarshe. "Gishiri na cin ƙashina."

"Akwai busasshiyar rijiya a bayan gari, ta wajen tafki," in ji Shaihu. "Ba mai gini a can, ƙasar ba ta riƙe tushe. Ni zan kai ki da hannuna. Ki yi alkawari ba za ki dawo ba, kuma ki bar mana alama."

"Wa ke da ƙarfin dawowa, malam? Hawa biyar."

Ɗan yatsan ƙafar Rihab na hagu ya yi rawa, ya miƙe, ya saki. Kofin da ke bakin ƙofa ya kife, ruwa ya bi ƙasa. Faifan da ke hannun Midhat, wanda ba waya a jikinsa ba wuta, ya yi ƙas sau ɗaya. Yarinyar ta sulale a jikin gwaggonta. Shaihu ya naɗe ƙarfen a farin ƙyalle ya sa a aljihu, ya ƙi tsayawa shayi na biyu, ya fara sauka yana dafa bango.

Rihab ta farka bayan an idar da sallar magariba. Ta nemi ruwa, ta shanye kofi biyu, ta ce maƙogwaronta na ciwo kamar ta yini tana magana. Ba ta tuna komai ba tun daga lokacin da ta kara kunne a jikin faifan. Ta dubi gwaggonta da ta kumbura ido, ta dubi ubanta da ke zaune a ƙasa kusa da ita.

"Baba, ka gyara? An samu?"

Ni'imat ta kawar da kai. Su uku, da shi da Ni'imat da Shaihu, suka ji muryar Awatif a ɗakin nan, daga bakin da ke tambayar, kuma mai bakin ce kaɗai ba ta ji ba. Midhat ya san ba zai taɓa iya faɗa mata wannan ba.

"Ban iya ba, 'yata. Ya lalace. Laifina ne, na yanka kafin in kwafa."

Ta daɗe tana kallonsa. Ba ta yi kuka ba, ta dai jawo hannunsa ta riƙe.

"To kai ka faɗa min. Me take cewa a ciki?"

Ya gyara murya. Tasa ce, kakkausa, ta tsohon mai gyara da hayaƙin dalma ya cinye, ba ta kama da ta kowa. Ya fara daga ranar Sallah, yana faɗin kalmomin ɗaya bayan ɗaya yadda ta faɗe su, Rihab ta rufe ido tana saurare.